Takalman Kellu

Kellu ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye a tsakar gida da mayafi a kafaɗa, ina jiran yara su gama shan kunu mu kama hanyar Gagamari, inda take aure. Mijinta Modu ne ya kira. Ya ce naƙuda ta taso mata cikin dare tun lokacinta bai yi ba, aka kai ta asibiti, yaron ya zo da rai, ita kuwa ba ta kai sallar asuba ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ce masa ƙarya ne. Haka na ce wa bawan Allah da ya rasa matarsa, wai ƙarya yake. Jiya jiyan nan da la'asar tana zaune kan tabarmata tana ɓare wa yara gyaɗa.

An yi mata sutura da hantsi. Yanzu na dawo daga gidan gaisuwa, na buɗe waya, na tarar status ya cika da hotonta. Falmata, na ga naki, har da fuskokin kuka guda bakwai a jere. Sannu da ƙoƙari.

Wani kuma, ban sani ba ko rashin hankali ne ko bai taɓa sanin sunanta na gaskiya ba, ya rubuta wai Allah ya jiƙan Sun Zo.

Sama da shekara goma ana kiranta da sunan nan a Diffa, yau har an raka ta da shi kabari. To ku zauna ku karanta har ƙarshe, don ni na san inda sunan ya fito. Daga bakina ya fito.

Ga waɗanda ba su san mu ba, ni ce Rakiya. Iyayena 'yan Damagaram ne, babana yana da kanti a kasuwa, a nan Diffa aka haife ni. Kellu ta shigo ajinmu a kolej shekarar da masu bindiga suka watsa garuruwan wajen Bosso. Ta biyo ta Yebi, ta yi watanni cikin bukkar tamfol, sannan gwaggonta ta ɗauko ta zuwa Diffa. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, Hausarta a karye. Ba ma kiran sunanta. Refije muke ce mata, wato 'yar gudun hijira.

Lokacin akwai dokar hana fita. Magariba na yi kowa ya shige gida, in rana ta faɗi kina gidan ƙawa to nan za ki kwana. Manya suna cikin tashin hankali, mu kuwa 'yan mata, Allah ya yafe mana, dokar nan daɗi ta yi mana. Da gangan muke jan ƙafa. A fara kitso da yamma liƙis, a ce ai ba a tafiya da rabin kai. A ƙunsa lalle, a dafa taliya, a haɗa kai shida kan waya guda ana kallo, a yi gulmar 'yan aji har murya ta dishe. Kwana gidan ƙawa ya zama shi ne ma'aunin kowa. Wadda aka gayyata mutum ce, wadda ba a gayyata ba ta ji labari ran Litinin.

Babban kwana kuwa shi ne na Shetimari. In konje, wato hutun makaranta, ya zo daidai da tsinkar tattasai, Falmata 'yar ajinmu takan kwashe mu zuwa gidan kakarta da ke can, kwana uku. Da rana mu shiga lambu mu yi tsinka, da dare mu kwanta ɗaki guda, tabarma biyu, bargo uku. Gari duk ya yi ja, ko'ina an shanya tattasai, kana numfashi kana atishawa. Ni ce nake kwana kusa da Falmata, kowa ya san wannan.

A shekarar nan Falmata ta ce za ta gayyaci Kellu. Na ce me za mu yi da refije? Ta ce Kaka ce ta ce a zo da ita, ta san dangin uwarta.

Daren farko muka ga abin mamaki. Yarinyar nan ta kwanta da takalmanta a ƙafa, irin na roba masu maɗauri a baya. Kaka ta leƙo da fitila ta gani, ta yi mata faɗa da Barbarci cewa ba a hawa mata tabarma da takalmi. Kellu ta cire su, ta naɗe cikin ɗankwali, ta ƙulle, ta yi matashi da su. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Ta juya ta fuskanci bango.

Washegari a lambu na matsa kusa da ita. Ina da wani hali da na sani tun ina yarinya, na iya tausasa murya in ina son jin cikin mutum. Na ce, "Kellu, don Allah me ya sa kike kwana da takalmi? Ni ba zan yi dariya ba."

Ta ci gaba da tsinka. Sannan ta ce, "Daren da suka zo garinmu, ba takalmi na fita. Ƙaya ta cika min ƙafa, na zauna ina kuka, na ce ba na iya tafiya. Mamata ta ce in jira ta ƙarƙashin wata bishiya, ta koma ta ɗauko min. Ba ta dawo ba."

Ta ce kada in faɗa wa kowa.

Kafin la'asar na faɗa wa Falmata.

Kuna so ku san me Kellu ta yi min? Ba komai. Kafin in cika kwano guda ita ta cika uku. Da yamma Kaka ta kama hannuna ta juya shi gaban kowa, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Wannan hannu na kanti ne, awon sukari kawai ya sani. Ku dubi na Kellu." Aka yi dariya. Daren nan kuma Falmata ta ja bargonta ta rufa da Kellu, don ta ga tana rawar sanyi. Shi ke nan laifinta. Na yi ta neman wani dalili da ya fi wannan nauyi tsawon shekarun nan, ban samu ba.

Ni na tsara abin. Falmata ta yi ɗan jim, na ce ai wasa ne, ta yarda.

Dare na uku, gab da asuba. Mazan gidan suna lambu suna gadin injin ban ruwa, Kaka kunnenta ya yi nauyi, sauran 'yan matan uku sun yi nisa cikin barci. Kellu ma gajiyar tsinka ta kayar da ita. Na zare ƙullin takalman daga ƙarƙashin kanta a hankali, na cusa shi can cikin wani buhun busasshen tattasai da ke jingine a lungun ɗakin. Falmata ta tsaya jikin ƙyauren kwano. Ni kuma na sa bakina daidai kunnen Kellu, na shaƙe murya, na ce, "Sun zo. Kellu, sun zo."

Falmata ta doki ƙyauren sau ɗaya.

Mun ɗauka za ta zabura ta yi ihu, ta yi ta lalube, mu kunna tocila mu yi dariya. Ba ta yi ihu ba. Na ji hannunta yana dukan tabarma yana neman ƙullin, nan, can, nan. Har yau in yaro ya buga tabarma da tafin hannu sai gabana ya faɗi.

Da ba ta samu ba, kun san me ta yi?

Ta kama wuyan hannuna. Cikin duhu, a cikin mu shida, ni ta laluba. Ta ce, "Rakiya, tashi, mu gudu."

Na fizge hannuna, ina danne dariya da bakin zane.

Ta fita. Ta bi ta kan tattasan da aka shanya a bayan gida, ta keta shingen ƙaya, ta nufi lambuna wajen kogin Komadugu. Ni da Falmata muka shige bargo muna ƙyalƙyala. Muka jira ta dawo. Aka kira salla ba ta dawo ba. Dariya ta ƙare, muka yi lamo kamar masu barci.

Sai da rana ta fito kawun Falmata ya same ta cikin wani ramin ban ruwa, ruwa har ƙirji, cikin sanyin nan, ta toshe bakinta da hannu. Wani yankin tsohuwar ganga ya yanke mata jijiyar bayan ƙafa. Tafin ƙafafun duk ƙaya, raunukan kuma sun sha garin tattasai. A kan amalanke aka kawo ta.

Kaka ta tara mu a tsakar gida. Kellu tana kwance an ɗaure ƙafar da tsumma, haƙoranta suna haɗuwa, tana cewa, "An ce min sun zo. Na ji da kunnena. An buga ƙofa."

Kaka ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ukun nan suka ce ba su ji komai ba, kuma gaskiyarsu. Falmata ta sunkuyar da kai ta girgiza shi. Da aka zo kaina na ce, "Ni ban ji komai ba, Kaka. Dama tana magana cikin barci, tun daren farko nake jin ta."

Ba wanda ya tambaye ni wannan ƙarin. Ni na ga ya dace.

Sannan na shiga ɗaki na zaro ƙullin daga buhu, na karkaɗe shi, na kawo mata. Na ce, "Ga takalmanki, bayan ƙofa na gan su, ƙila ke kika ture su." Ta kwance ɗankwalin. Ta kifa takalmi ɗaya, sai 'ya'yan tattasai suka zubo mata a cinya. Ta daɗe tana kallon su. Ta ɗago ta kalle ni.

Ta ce, "Na gode, Rakiya."

Ta juya wajen Kaka ta ce, "Mafarki ne."

Na ji sanyi a raina. Na ce Allah ya rufa min asiri.

Sauran kun sani, don da yawanku da ku aka yi. Aka ɗinke ƙafar amma ba ta koma daidai ba, har ta mutu tana ɗingishi. Gwaggonta ta yi ta yawo da ita wajen malamai, rubutu, hayaƙi, tofi, wai abin da ta gani a garinsu ne ya taɓa mata kai, wasu suka ce iskokin bakin kogi ne. Labari ya riga mu isowa Diffa. Samarin unguwa su laɓe a bayanta su ce "Sun zo!" don su ga ta zabura, kuma takan zabura, kowane lokaci. 'Yan ajinmu suka ɗauka. Ta bar makaranta kafin jarrabawar ƙarshe, ita da ta fi mu duka lissafi. Wani gida sun fara neman aurenta, da suka ji wai tana da taɓuwa suka janye ba ko sallama. Modu ne, manomin tattasai a Gagamari, ya ce shi ya gani yana so.

Ni kuma fa? Ni ce mai kare ta. Ni ke zagin samarin, ni ke riƙe mata jaka, ni ke zuwa duba ta. Iyaye mata suna nuna ni suna cewa ku dubi 'yar Alhaji, ba ta ƙyamar 'yan gudun hijira. Wata malamarmu ta taɓa tsayar da ni gaban aji ta yaba min. Na tsaya na karɓa, har da sunkuyar da kai na kunya.

Da farko tsoro ne ya sa na manne mata, don in riƙa jin ko ta fara zargi. Daga baya na so ta da gaske. Wannan ne ya fi ƙona ni, don ba ni da ƙawa kamarta.

Da na haifi Nana, kwana bakwai tana zuwa daga Gagamari da goyon 'yarta Bintu a bayanta. Ita ke hura wutar ruwan wanka, ita ta daka min yaji da tattasan gonarsu. Amma ko sau ɗaya ba ta kwana ba. La'asar na yi za ta ɗaura goyo ta ja ƙafarta zuwa bakin titi. Tun daga Shetimari Kellu ba ta sake kwana gidan kowa ba.

Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa, da humra. Kowace Salla sai ta aiko min da kwalba, ta ce wannan ba na kasuwa ba ne, naki daban na haɗa. Akwai rabin kwalba a ɗakina yanzu haka, na kasa kallon wajen.

Da babana ya kwanta ciwo ya daina cin abinci, ita ta kawo miyar bandar kifi a ƙaramar kula, ta zauna daga bakin ƙofa tana lallashinsa kamar yaro har ya ci. Yakan ce, "Ina 'yata ta Gagamari?"

Tana da wata al'ada. Duk sanda za mu rabu, in na raka ta bakin ƙofa, sai ta tsaya ta gyara mayafi ta ce, "Rakiya, akwai magana?" In ce, "Babu, sai alheri." Ta ce, "To." Ta tafi. Na ɗauka irin sallamar mutanensu ce. Har kwaikwayonta nake yi ina tsokanarta.

Na sha yin niyyar faɗa mata. Ko ba niyya ba, na sha tunanin yin niyya. Wani azumi na tura mata irin saƙon nan da ake turawa kowa da kowa, mai furanni, wai na yafe wa duk wanda ya yi min, wanda na yi wa ya yafe min. Mutane suka yi ta turo amin. Ita kaɗai ta turo murya, ta ce, "Me kika yi min, Rakiya?"

Na tura mata fuskar dariya.

Yanzu jiya.

'Ya'yan yayata sun zo hutu daga Damagaram, Nana ta tayar da rigima sai an yi musu kwanan ƙawaye, da lalle da kallo, kuma sai Bintu ta zo. Na ce mata ta haƙura, Bintu ba ta kwana a waje, uwarta ba ta bari. Nana ta karɓi wayata ta kira da kanta tana roƙo. Ban sa rai ba. Sai ga Kellu da la'asar ta sauko daga adaidaita, ciki ya yi nauyi, Bintu na gaba da 'yar leda ta kayan kwana tana tsalle.

Ta zauna ta huta, ta ɓare wa yara gyaɗa. Ta ce, "Shekararta shida, yau ne karon farko da za ta kwana ba kusa da ni ba. Gidanki na zaɓa."

Na ce, "Ke ma ki kwana mana, dubi yadda kike haki."

Ta yi dariya ta ce, "Ni? Kin san ni ai."

Na raka ta bakin ƙofa. Ta gyara mayafi. Ta ce, "Rakiya, akwai magana?"

Jiya ta daɗe tana jira fiye da kullum. Har mai adaidaita ya yi oda. Ina kallon ƙafarta, ta kumbura, tabon nan ya fito raɗau a saman dunduniya.

Na ce, "Babu, sai alheri."

Ta ce, "To. Sai da safe in kin kawo ta."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Bayan isha'i na shimfiɗa wa yaran katifa a falo. An ci taliya, an ƙunsa lalle, ana ta faɗan wa zai kwana kusa da wa, kamar dai mu. Na zo kashe fitila sai Bintu ta ɗago kai ta ce, "Tanti, yaushe za a yi wasan?"

Na ce, "Wane wasa, Bintu?"

Ta ce, "Wasan sun zo."

Na dafa bango na ce wa ya faɗa mata wannan.

Ta ce, "Mama. Ta ce in na farka ban ga takalmina ba, aka ce min a kunne sun zo, kada in gudu ko'ina. In kwanta abina. Ta ce Tanti Rakiya ce, wasa take yi, ita ma ta taɓa yi mata."

Tana faɗa tana murmushi, hannuwanta ɗaure cikin leda saboda lalle. Yarinyar ɗoki take, jira take a yi da ita.

Ta sani.

Tun ranar ta sani. Tun da 'ya'yan tattasan nan suka zubo mata a cinya. Takalmin da aka ture bayan ƙofa ina zai samo 'ya'yan tattasai a cikin ƙulli? Ta sha rubutun, ta shaƙi hayaƙin, ta amsa sunan mahaukaciya, tana sane cewa kanta lafiya lau. To da ta faɗa wa zai yarda? Refije mai magana cikin barci, a kan 'yar Alhaji mai kanti? Ta duba ta ga ba ta da kowa, sai ta ce mafarki ne.

Kuma duk sanda ta tsaya a bakin ƙofata ta ce akwai magana, ba sallama take yi ba. Hanya take buɗe min. Sama da shekara goma tana buɗewa ina cewa babu.

Na ce wa Bintu ba a wannan wasan a gidan nan, ta yi barcinta. Ta ɓata fuska, ta ce ita dai Nana ta yi mata alkawarin za a yi wasanni da yawa.

Na ɗauki waya zan kira Kellu. Na nemo lambarta, na zuba mata ido. Sai na ce a'a, wannan ba maganar waya ba ce, da safe zan kai Bintu da kaina, in sa Modu ya ba mu wuri, in durƙusa gabanta in faɗa da bakina. Na ji daɗin wannan shawara ƙwarai, har na fara jin kaina mutuniyar kirki. Na goge kayan da zan sa. Na tsara abin da zan fara cewa da abin da zan ƙare da shi.

Ina gugar kaya, ita tana hanyar asibiti.

Da na kira a lokacin, da ta ɗauka. Na tambayi Modu, ya ce sai can ciwon ya taso, a lokacin tana zaune tana ƙulla turare a leda, wayar na gefenta.

Yau a gidan gaisuwa na ja shi gefe, ba kunya, mutum yana cikin makokinsa. Na ce ko ta bar wata magana a kaina. Ya yi tunani ya ce, "Da abin ya tsananta ta ce, a bar Bintu wurin Rakiya tukuna." Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan.

Ban sani ba ko yafiya ce, ko kuwa ta bar min yarinyar ne in riƙa ganin fuskarta kullum. Ba wanda zan tambaya.

Don haka ina roƙonku abu guda, kada wanda ya zo min comment da "Allah sarki, ai yarinta ce." Shekarata goma sha biyar lokacin, na san abin da ya faru da uwarta, ita ta faɗa min da bakinta, da shi na yi amfani. Kada kuma a ce min na yi jarumta da na faɗa. Na jira sai da aka mayar da ƙasa a kanta sannan bakina ya buɗe, a waya, inda ba mai kallon idona. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa haƙƙin mutum sai shi mai haƙƙin ya yafe. Mai haƙƙina an rufe ta yau da hantsi a Gagamari.

Falmata, ba zan ce ki rubuta komai ba. Ni na tsara, ke kika buga ƙofa. Ki rage fuskokin kukan nan kawai, ki je ki yi alwala.

Ku kuma da kuka laɓe a bayanta kuna ihu, yanzu kun zama magidanta da gemu, wasunku ina ganin ku a sahun gaba a hotunan masallaci. Ku sani matar nan ba ta taɓa taɓuwa ba. Ba iska, ba mafarki. An ce mata sun zo, ta ji da kunnenta, an buga ƙofa, duk yadda ta faɗa haka aka yi. Wanda na sake jin ya kira Bintu 'yar Sun Zo, wallahi har gida zan same shi.

Bintu tana nan wurina. Babanta ya faɗa mata da rana, ta yi kuka har ta gaji, yanzu ta yi barci a gefen Nana tun ba a yi isha'i ba, lallen jiya ya kama hannunta ja wur. Takalmanta na tarar a bakin ƙofa, ɗaya nan ɗaya can, yadda yaran da ba su taɓa gudu ba suke watsar da nasu. Uwarta ce ta yi mata wannan gatan. Na tattara su na jera mata daidai kanta, inda in ta miƙa hannu za ta same su.

Ya Allah, ka jiƙan Kellu. Ka haɗa ta da mahaifiyarta da ta daɗe tana jira. Ka shimfiɗa mata kabarinta, ka ba ta barcin da ba mai raɗa mata ƙarya a kunne. Ka raya Bintu da ƙaninta, ka ba Modu haƙuri. Abin da ke tsakanina da ita kuma, ranar da za ka tsayar da mu ka tambaye ta, Ya Allah, ka sa kada ta gaji da ni kamar yadda ba ta gaji ba a duniya.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya karanta mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya yi mata addu'a da sunan da uwarta ta raɗa mata.

Kellu ne sunanta.